Tafiyar Baba Didam a Kan Layin Dogo

Na manta abubuwa da yawa a aikin nan. Na manta sunayen likitocin da suka zo suka tafi, na manta yawan gwiwoyin da na lanƙwasa, waɗanda in an jera su za su kai Jos su dawo. Amma safiyar da na kwanta rub da ciki a gonar dawar wani, ina leƙen mara lafiyarmu kamar ɗan sandan ciki, wannan ban taɓa mantawa da ita ba. Tunda ku sababbin ma'aikata kun matsa in rubuta muku wani abu na zamanin da, to ga shi.

Daminar 1976 ce. A lokacin ni mataimaki ne a sashen gashi na asibitinmu a Kafanchan, wurin da ku yanzu kuke cewa fisiyo. Ɗaki ɗaya ne da doguwar baranda. Tsarin aikin kuwa haka yake: likita ya duba mutum ya turo shi, shugabar sashe ta gwada shi ta tsara motsa jikin da za a yi masa, ni kuma in miƙe, in lanƙwasa, in gasa da tawul mai ɗumi, in sha zagi. Shugabarmu Madam Rahila ce, 'yar ƙasar Jaba, a Kudu ta yi karatun aikin. Ba ta da yawan magana, ni kuwa Allah ya ba ni bakin mutum uku, sai muka daidaita. Sunana Yakubu, amma duk asibiti Mai Gishiri ake ce mini, wai in na ga ɓera a sito sai in ce kura ce. Sharri ne. Ɓerayen sitonmu manya ne ƙwarai.

Abu na farko da Madam ta koya mini shi ne ɗaurin tsoka. Ko mutum ya kwanta ya saki jiki, tsokarsa ba ta sakewa duka, akwai ɗan ɗaurin da ke saura, kamar igiyar shanya da aka ja daidai. In ɗaurin ya yi kaɗan, sai ka ɗaga ƙafa ka ji ta kamar jiƙaƙƙen tsumma, irin ta yaran da shan inna ta taɓa. In ya yi yawa, iri biyu ne. Mai shanyewar ɓarin jiki, in ka ja hannunsa a hankali zai biyo ka, in ka fizga sai ya cije, can kuma ya saki gaba ɗaya kamar wuƙar aljihu mai naɗewa. Ɗayan kuwa, ko ka ja da sauri ko a hankali, ko ka miƙe ko ka lanƙwasa, taurin ɗaya ne, wani lokaci ma yana zuwa ƙat-ƙat-ƙat kamar haƙoran giyar keke. Irin na biyun nan shi ne na Baba Didam.

Baba Didam mai duba layin dogo ne, tun yana saurayi. Aikinsa ya saɓa guduma da babban sifana kowace safiya, ya bi layi da ƙafa yana ƙwanƙwasawa, in ya sami noti ya kwance ya ɗaure. Yana zaune a kwatas ɗin leburori can bayan gari. Ranar da aka fara kawo shi, na ga dogon tsoho a duƙe, fuskarsa ba ta motsi, yatsun hannun damansa suna murzawa kamar mai tsince tsakuwa a acca. Takunsa ƙanana, ƙafa ba ta barin ƙasa. Da ya iso ƙofar ɗakinmu sai ya tsaya cak, ƙafafun suna rawa a wuri ɗaya kamar an liƙa su da ƙaro. Na je na ɗora ruwan zafi, na gaisa da mai gadi, na tambayi lafiyar iyalinsa ɗaya bayan ɗaya, na dawo, Baba yana nan a bakin ƙofa.

Matarsa ce ke kawo shi, Mama Saratu, mace mai kaifin ido, kullum da sandar gora a hannu. Abin da na fara lura da shi, ba ta taɓa ba shi sandar ya dogara. Ita ma ba ta dogarawa. Riƙe ta kawai take yi kamar ɗan doka.

Madam ta gwada gwiwar hannunsa da wuyan hannunsa, ta sa ni ma na ji. Likita ya riga ya ce ciwon karkarwa ne, ya rubuta ƙwayoyi. Mu kuma muka shiga namu: miƙe ƙirji da baya don kada ya ƙara duƙewa, juya kafaɗa, lilo da hannuwa, tashi daga kujera, ɗaga gwiwa. Wurin aikinsa sun nemi kwamitin likitoci ya faɗa musu gaskiyar lamarin, kwamitin kuma yana jiran rahoton Madam. In ciwon gaske ne, za a yi masa ritaya cikin mutunci. In na ƙarya ne, kora ce, ya kwashe kayansa daga kwatas da sunan maƙaryaci, bayan duk shekarun nan.

Muna cikin haka sai ga Oga Nwosu, shugaban leburorin wannan yanki na layi. Mutumin Gabas ne amma a Kafanchan aka haife shi, bayan yaƙin basasa ya dawo bakin aikinsa. Ya cire hularsa ya tsaya gaban teburin Madam.

"Madam, sannu da aiki. Wannan tsoho da kuna matsa mishi hannu, lafiyan shi ƙalau."

"Wa ya gaya maka?"

"Ido na. Shekaranjiya da safe muna zuwa a kan turoli, keken layin nan namu, na gan shi daga baya a kan layi. Yana tafiya kamar soja. Da ya ji mu, ya sauka, ya fara rawan ƙafa. Madam, ni ba na so a kore shi. Shi ya koya mini riƙe guduma. Amma sauran yara suna kallo. In na bar wannan ya wuce, gobe kowa zai zo mini da rawan hannu."

Madam ta ce, "Hannuna ya ji abin da ya ji." Ya ce, "Ido na ma ya ga abin da ya ga." Ya sa hularsa ya fita.

Madam ta juyo wurina. Ta ce, "Yakubu, yaushe suke isowa?"

"Kafin mu buɗe, Madam. Kullum a benci nake tarar da su."

"A mota suke zuwa?"

"Wace mota? Hanyar kwatas ɗin nan ko jaki sai an roƙe shi."

"Mutumin da ƙofa ɗaya take riƙe shi haka, ya taso daga bayan gari da ƙafa ya riga mu?"

Na ce ai ni ma na lura takalminsa kullum da baƙin mai irin na kan layi. Ƙarya nake, a lokacin ne na tuna, amma gaskiya ne akwai man. Na ce ko in je in duba. Ta ce, "Ban aike ka ba." Duk wanda ya yi aiki da Madam ya san abin da wannan ke nufi.

Washegari tun rana ba ta gama fitowa ba na ajiye kekena a gidan wani ɗan cocinmu, na kutsa gonar dawa da ke gefen layi, na kwanta. Raɓa ta jiƙa ni har ƙashi, cinnaku suka yi taron ƙasa a cikin wandona. Ina shirin haƙura sai ga su. Mama Saratu tana bin 'yar hanyar gefe da sandarta, Baba Didam kuma yana tsakiyar layi. Kun san katakan da ake shimfiɗawa a gicciye ƙarƙashin dogo. A kansu yake takawa, ɗaya bayan ɗaya, dogon taku, kai a ɗage ba kamar yadda na san shi ba. Matar har ɗan gudu take haɗawa don ta kamo shi. Na bi su daga nesa. Kusa da mararrabar da ake sauka zuwa asibiti suka ɓace mini a bayan itatuwa, da na sake ganinsu a kan titi, ga tsohon nan ya koma jan ƙafa, ya rataye a kafaɗar matarsa.

Na isa ofis ina haki. "Madam, mutumin nan ba tafiya yake ba, tashi yake! Da an sa shi tsere da jirgin Legas, sai ya isa ya yi wanka kafin jirgi ya zo."

"Cire gishirin."

"Allah ya sani, yau babu ko ƙwaya."

"Yakubu, kai ne ka ce mini ka ga maciji ya haɗiye akuya a bayan ɗakin wanki."

"Ɗan akuya ne."

"Kwaɗo ne. Ina wurin."

Ka ga illar suna. Rana ɗaya tak da na zo da gaskiya tsirara, aka ce in je in sa mata riga. Amma duk da haka, da aka shigo da Baba, bayan ta gama miƙe masa kafaɗa, sai ta tambaya kamar da wasa, "Baba, ta wace hanya kuke zuwa?"

Kafin ya buɗe baki Mama Saratu ta cafe. "Ta hanya, Madam."

"Wace hanyar?"

"Hanyan da Allah ya ba mu."

Baba ya kafa wa ƙasa ido. Mama kuwa ta juyo ta dubi gwiwoyin wandona, jajawur da ƙasar gona, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta matso da sandarta jikinta. Daga ranar ɗakin ya canja. Mu muna zarginsu, su suna zarginmu. In na kama hannun Baba sai in riƙa tunanin ko shi yake ƙirƙiro ƙat-ƙat ɗin da gangan. In na kawo ruwan sha, Mama sai ta shinshina. Madam ta sa takardar rahoto a gabanta ta kasa rubuta komai, ga zaman kwamiti yana matsowa. Na ji tana cewa a hankali, "Ko dai hannuna ya yi ƙarya, ko akwai abin da ban gane ba."

Ranar Alhamis ta ce in zo in ɗauke ta. Na goya shugabar sashe a bayan keke, da takalmin roba da ɗankwali kamar mai zuwa roron gyaɗa, muka shiga gonar nan. Ita ba ta kwanta ba, tsugunawa ta yi, cinnaku ma suka girmama ta suka taru a kaina. Suka zo suka wuce ta gabanmu, Baba yana zuba taku. Na dubi Madam ina jiran ta ba ni haƙuri. Ba ta ko kalle ni ba. Ƙafafunsa take kallo, da katakan, leɓɓanta suna motsi.

Sai muka ji kukan jirgi. Jirgin kaya ne, yana fitowa daga kwana a bayansu.

Baba ya ji, ya tsaya zai juya ya sauka. Nan ƙafa ta ƙi. Yana tsakiyar dogo, ƙafafun suna rawa a wuri ɗaya, daidai yadda yake yi a ƙofarmu. Madam ta miƙe tana ihu. Ni na zabura da gudu, kuma a nan ba zan ƙara komai ba, don abin ya fi ƙarfin gishiri. Ina jin ƙarfen yana tsuwa. Mama Saratu ta haye kan layin, ta jefa sandar gorar nan a ƙasa, a karkace gaban ƙafarsa.

"Tsallake, Baban Talatu! Tsallake!"

Ya ɗaga ƙafa ya tsallake. Ta fizge sandar ta sake ajiyewa, ta ƙara karkata ta. Ya tsallake. Yanzu ya fuskanci gefe, ƙarfen dogon yana gabansa a gicciye, shi ma ya tsallake shi, ta ja rigarsa suka gangara cikin ciyawa. Ni da na zo ceto, kwalbati na faɗa. Ina ciki jirgin ya wuce, direban yana zaginmu da yare uku.

Muka zauna gindin ɗorawa, kowa yana maida numfashi. Madam ta ce, "Baba, don me ka ɓoye mini?"

Muryarsa ƙasa-ƙasa take, sai ka matso. "Ɗiya na, wa zai yarda? Ni kaina ban yarda ba. A kan layi ƙafa na yana jin magana. In na sauka, ya zama na wani. In na faɗa, za ku ce abin da Nwosu ya ce."

Mama ta ce ita ta san aikin maƙwabta ne masu son ɗakinsu, tunda a bakin ƙofa abin yake kama shi. Har ta tone dokin ƙofarsu tana neman abin da aka binne, ba ta sami komai ba sai tsohon cokali. Sandar kuwa, wata rana ce ta faɗi a gabansa a tsakar gida ya tsallake ta, shi ke nan ta riƙe abin. Ba ta gaya wa kowa ba don kada dattawan ikilisiya su ce ta kai gora wurin boka.

Madam ta yi musu bayani, ni ma na tsinta. Tafiyar da muke yi ba tare da tunani ba, akwai sashen ƙwaƙwalwa da ke tuƙa ta, kuma shi ne ciwon nan yake raunanawa. Amma in ido ya ga abin da za a tsallake, kowane taku sai ya zama aikin da mutum ya yi niyya, ya bi ta wata hanyar. Ƙofa da juyawa su suka fi rikita irin waɗannan mutane. Ta ce an taɓa faɗa musu a makaranta, amma ba ta taɓa gani da ido ba sai ranar.

Saura Oga Nwosu, domin shi ma kwamiti zai ji ta bakinsa. Madam ta aika aka kira shi. Muka yayyanka filasta muka manna a barandarmu a gicciye, tazara irin ta katakan layi, har rabin baranda. Aka tsayar da Baba a farko. Ya zuba taku kamar mai zuwa karɓar lambar yabo, da filasta ta ƙare ya tsaya cak kamar injin da gawayinsa ya ƙare. Ina jiran Oga ya riƙe baki, sai ya tafa hannu.

"To! Ba abin da na faɗa ke nan ba? Inda ya ga dama ya yi tafiya, inda ya ga dama ya tsaya."

Madam ba ta yi musu ba. Ta ce, "Yakubu, kai ne kake kwaikwayon tafiyar kowa a asibitin nan, har tawa. Zauna kusa da Baba. Yi mana ciwonsa."

Ta ɗaure wa Oga ido da tawul, ta sa masa hannuna a hannunsa, ta ce ya miƙe ya lanƙwasa. Na ƙanƙame tsoka, na riƙe numfashi, na shiga yin ƙat-ƙat iyakar gwanintata. Oga ya ce, "Eh, da tauri." Sai Madam ta ce in riƙa buga gwiwata da ɗaya hannun ina lissafo garuruwan da jirgi ke tsayawa daga nan zuwa Kaduna. Ban kai gari na uku ba hannun da Oga ke riƙe ya manta aikinsa ya zama tuwo.

Ta zare hannuna ta sa wa Oga hannun Baba, ta ce Baba ma ya buga gwiwa ya lissafo. Baba ya jero tashoshin nan tiryan-tiryan, har da ƙananan da ni ban san da su ba. Hannun kuwa maimakon ya saki, ƙara tauri ya yi. Oga ya miƙe shi, ya lanƙwasa, ya sake. Ya cire tawul ɗin da kansa, bai saki hannun ba.

"Wannan haƙorin giyan inji ne," in ji shi. "Mutum ba ya iya yin wannan." Ya durƙusa a kan simintin. "Baba, ka yi haƙuri."

Fuskar Baba ba ta motsa ba. Oga ya dubi Madam a tsorace, ta ce masa ba fushi ba ne, taurin da ke hannun shi ne a fuskar. Baba ya daɗe yana haɗa magana, duk muka matso.

"Nwosu. Kwanan layin nan kafin gada. Noti biyu ya kwance a hannun hagu. Ka aika yara yau."

Oga ya tashi ya fita bai yi sallama ba, yana goge ido da hularsa.

Kwamiti ya karɓi rahoton Madam, Oga ya tsaya ya ba da shaida, aka yi wa Baba ritaya saboda rashin lafiya, ba wanda ya kira shi maƙaryaci. Amma Madam ta kafa sharaɗi a gaban matarsa: kada ya sake hawa layi, ko da sanda ko babu. Na ɗauka zai yi murna da sakamakon. Sai ya ce, "To a ina zan yi tafiya kamar mutum?"

Da suka koma ƙauyensu wajen Gidan Waya, wata Asabar Oga Nwosu ya kwashi leburorinsa da bokitin farar ƙasa, ni ma na bi su don in ba da umarni. Suka jera duwatsu masu faɗi a gicciye, suka shafe su da fari, daga ƙofar ɗakinsa zuwa bayan gida, daga nan zuwa gindin mangwaron da yake zama, har bakin hanyar coci. Baba ya tsaya a kansu, ya sa aka tone wasu aka sake, wai tazarar ba daidai ba ce. Ciwon bai warke ba, irinsa ba ya warkewa. Amma ya yi shekaru yana kai kansa inda yake so a gidansa.

Abin da na koya ke nan, ku riƙe. A aikinmu za ku ga mutumin da ya kasa ɗaga cokali a gabanku, a gaya muku an gan shi jiya yana kaɗa ganga a coci. Kada ku yi saurin cewa kun kama ɓarawo. Ɗaurin tsoka yana hawa yana sauka, da tsoro, da gajiya, da wuri, da abin da ido ke gani. Mutanenmu kuma sun fi ɓoye lokacin da jiki ya yi musu daɗi fiye da lokacin da ya ƙi, don sun san da shi za a kama su. Alhali a nan ne maganin yake farawa. Shi ya sa har yau in aka kawo mini mai taurin jiki, sai in sallami oga da 'yan rakiya su jira a waje, in ja kujera kusa da shi, in ce, "Baba, tsakanina da kai, a ina ne ƙafar take jin maganarka?"